Zumar Kukar Tunau

Ba a yi kiran assalatu ba muka bar gida. Kawu Jatau, yayan mahaifiyata, yana gaba, adaka a kafaɗa, gatari a ɗamara, burgami a hammata. Ni ina baya da gorar ruwa da sabon bokitin roba mai murfi. Da muka zo wucewa ta ƙofar ɗakin Inna na ji nishinta. Ba barci take yi ba. Warin ya fito har tsakar gida. Ban leƙa ba.

Kwana ashirin da uku ke nan da kaskon ƙosai ya kife mata a ƙafar dama, mai yana tafasa, tun daga gwiwa har idon sawu. Da kaskon nan ta kai ni ƙarshen sakandare. Takardar shaidar tana cikin akwati shekara biyu, ba wanda ya nemi ganinta.

Malam Isiya na ɗakin shan magani ya yi mata allura, ya ba da ƙwayoyi. Ya ce da za a samu zuma ta gaskiya, da zai riƙa wanke ciwon yana shafawa kafin ya naɗe, don tana janye ruwan ciwo, tana hana ruɓa, kuma bandeji ba ya manne wa nama. Na tafi kasuwa na sayo kwalba guda wurin wani mai carbi a hannu, wanda ya rantse mini har sau uku. Dafaffen sukari ne. Kwana huɗu ina shafa mata da hannuna. Gefen ciwon ya yi kore.

Malam Isiya ya sunsuna kwalbar, ya ajiye. Ya ja ni waje.

“Kwana bakwai na ba ka,” in ji shi. “In naman bai fara ja ba, sai birni. Can kuma ban yi maka alkawarin za ta dawo da ƙafar ba.”

Shi ne na je wurin Kawu.

Gari ya waye muna cikin abin da a da ake kira daji. Yanzu kututture ne jere da baƙaƙen ramukan masu gawayi. Kawu bai dubi dama ba, bai dubi hagu ba. Sau ɗaya ya tsaya, ya nuna wani kututture da bakin bindiga.

“Ɗorawa ce nan. Amyar zuma goma sha biyu kakanka yake ɗorawa a kanta.”

Ya wuce.

Sai da hantsi ya ɗaga muka shiga daji na gaske. Marke da kanya suka haɗe kai a samanmu. Ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen ganye. Bazara ce, iska ba ta motsi, gumi yana bin bayana har cikin wando. Can gefen dutse goggon biri ya yi haushi sau biyu, saura suka amsa. A bakin wani busasshen rafi Kawu ya durƙusa. Sawun gwanki ne a cikin yashi, babba, gefensa bai ko zube ba. Kashinsa yana nan da ɗanshi. Na ga yatsan Kawu ya shafi kunamar bindiga. Ya daɗe yana kallon inda sawun ya nufa. Sannan ya tofar da yawu ya miƙe.

“Yau ba ranarka ba ce,” ya ce wa sawun.

Na fara jan ƙafa. Ya lura bai juyo ba. Ya zaro wani ɗan ƙaho daga burgami, ya cire toshiyar, ya ce in miƙo yatsa. Zumar da ta rage a ciki ba ta fi cokali ba, ta yi baƙi, ta daskare.

“Lasa. Ta bara waccan ce. Da ita nake kwana uku a daji ban nemi tuwo ba. Tari, ƙwannafi, yankan wuƙa, duk ita ce. Ku kuma an koya muku komai a makaranta ban da yadda ake gane ta.”

Na lasa. Ta kama mini maƙogwaro, da ɗan ɗaci a ƙarshe.

Daga nan ya fara fito, wani siririn fito mai karyewa a tsakiya, yana buga gindin itatuwa da ƙotar gatari. Mun fi awa guda a haka. Sai wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa, fari a gefen wutsiya, ya sauka a reshen da ke gabanmu yana ta ƙara kamar ana kaɗa ashana a kwali. Ya tashi, ya sauka gaba kaɗan, ya sake ƙara.

“Tsuntsun zuma,” in ji Kawu, murya ƙasa. “Bi shi. Kada ka yi magana.”

Muka bi shi ta cikin ƙaya. Sarƙaƙiya ta yage mini hannun riga. Muka wuce wani rami da dage ya tona a gindin gara, ga sawun faratansa, ga ɓawon saƙar zuma da ya tauna ya zubar, ya bushe. Kawu ya ce wannan dabbar ko zaki ba ya son haɗuwa da ita. Muka haura tudu. Tsuntsun ya yi shiru.

Kuka ce a gabanmu, mutum shida ba za su zagaye ta da hannu ba. Can sama, inda babban reshe ya rabu da jiki, akwai kogo, bakinsa ya yi baƙi yana sheƙi. Ƙudan zuma suna shiga suna fita kamar hayaƙi. Tun daga ƙasa ana jin gunjinsu, ana jin ƙamshin. Na ce a raina Inna ta tsira.

Kawu bai yi murna ba. Ƙasa yake kallo.

A gindin kukar an tattara doguwar ciyawa an ƙulle kanta, ƙulli biyu, an soke gashin zabo a tsakiya. An kafa turaku a jikin itacen, ɗaya bisa ɗaya har bakin kogon, sababbi, ruwan itacen bai bushe ba. Gefe guda ga dami uku na busasshiyar ciyawa da aka naɗe da ɗanyen ganye, da tulin kashin shanu.

“An riga mu,” in ji Kawu.

“Wa?”

“Mai ƙullin. Ban san shi ba, daga ƙetaren dutse yake. Ya gama shiri. Yau da magariba zai zo ya sha.”

“To mu sha kafin ya zo.”

Ya juyo ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

“Kai, ɗan boko. Shekara arba'in ina dajin nan, ban taɓa tsallake ƙullin wani ba. In na ƙulla nawa, wata uku zan yi ban zo ba, in tarar da abina. Ba alƙali a nan, ba ɗan sanda. Ciyawar nan ce kawai.”

“Kawu, ƙanwarka ce a kwance.”

“Na fi ka sanin ƙanwata ce. Ni na goya ta. Za mu zauna mu jira mutumin, mu gaishe shi, mu faɗa masa. Ba a hana zumar magani.”

“In ya hana fa?”

“Ba ya hanawa.”

“Wancan ma da ya sayar mini da zuma, rantsuwa ya yi.”

“Wancan ɗan kasuwa ne.” Ya ɗaga kai ya dubi rana, tana tsaka. “Kuma ko taka ce, ba a shan zuma da rana tsaka. Yanzu suna da zafi, rabinsu na waje. Sai sun dawo sun kwanta, a ba su hayaƙi a hankali. Hayaƙi, ba wuta ba.”

Ya ajiye burgami da gatari. Ya ce akwai tafki a gangare, zai yi alwala, ya duba ko zai samu zabo, don ba ya son ya roƙi mutum hannu wofi. Ya ce in zauna a inuwa. Ya tafi da bindigarsa.

Na zauna. Ina kallon ƙullin, ina kallon kogon. Na tuna fuskar mai carbi, yadda ya dafa ƙirji. Na tuna yadda Inna take cije zane in ana ɓare bandeji, don kada in ji. Na ce wani zai zo da magariba, wanda bai san Inna ba, ya dube mu, ya ce a'a, ko ya ɗiga mana a murfin kwalba. Mu koma. Kwana bakwai su cika. Duk saboda ciyawa.

Na miƙe. Akwai ashana a burgamin Kawu.

Na rataya bokitin a wuya, na kunna dami ɗaya, na kama turke na farko. Hawan bai yi wuya ba. Mai turakun ya san aikinsa. Ina hawa gunjin yana ƙaruwa har na ji shi a haƙorana. Na kai bakin kogon. Na ga saƙar a jere, fari-fari a sama, ja a ƙasa, tana ɗiga. Ƙuda ɗaya ya harbe ni a wuya. Wani a leɓe. Na tsorata, na zare ɗanyen ganyen da ke danne damin don hayaƙin ya yi yawa. Ciyawar ta kama da wuta ɓal. Na cusa ta cikin kogon.

Ban san yadda zan faɗi abin da ya fito ba. Duhu ne mai ƙara. Suka rufe mini fuska, suka shiga kunne, suka shiga hanci, suka bi ta wuyan riga. Kamar ana watsa mini garwashi da hannu biyu. Na saki damin a ciki. Na rungume jikin kukar, ido a rufe, ina lalube da ƙafa, babu turke. Sama da ƙasa suka ɓace mini. Na buɗe baki in yi ihu, suka shiga.

Na ji ƙarar adaka can gangare. Bayan wani lokaci da ban san tsawonsa ba, na ji itacen yana amsa nauyin wani. Wani abu mai kauri, mai warin albarushi da gumi, ya rufe mini kai. Rigar farautar Kawu ce. Hannu ya kama idon sawuna.

“Saki jikinka. Nan. Taka nan.”

Ya ɗora ƙafata a kan turke.

“Ɗaya. Sauko. Nan kuma.”

Muryarsa ba ta rawa. Shi ba riga a jikinsa, na sani, don tana kaina. Yana ƙasa da ni, yana ɗaukar ƙafata yana ajiyewa kamar mai koya wa yaro tafiya. Uku. Huɗu. A na biyar na zame, na sauka da dukan nauyina a kan turken da yake tsaye. An kafa shi don mutum ɗaya ne. Na ji ƙas. Hannun ya bar ƙafata.

Ƙarar faɗuwarsa ba ta da yawa. Ƙarar da ta biyo baya ce, kamar an karya busasshen reshe a gwiwa.

Na sulale na faɗo kusa da shi. Cinyarsa ta dama ta bugi saiwar kukar, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Bayansa da kafaɗunsa sun yi baƙi da ƙudan zuma. Na kama shi ta hammata na ja. Bai yi ihu ba, haƙora kawai yake ci. Na ja shi cikin wata sarƙaƙiya mai duhu, muka kwanta rubda ciki, na rufe mu da rigar. Suna bin mu har can. A hankali suka ragu. Sama, kukar tana fitar da baƙin hayaƙi mai ƙamshin kaki.

Muka kwanta a nan har la'asar ta yi sanyi. Idona ɗaya ya rufe ruf. Leɓena ya yi kamar ba nawa ba. Kawu yana numfashi sama-sama. Sau ɗaya na ce, “Kawu.” Ya ce, “Yi shiru.” Bai ƙara ba.

Sai na ji takun jaki.

Wani tsoho ne, gajere, baƙi, siriri kamar sanda, da gashin zabo a hularsa. Jakin yana ɗauke da manyan goruna biyu. Ya tsaya a gindin kukar. Ya dubi ƙullinsa, ya dubi karyayyen turke, ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin. Ya daɗe a haka. Sannan ya bi jan da muka yi a ƙasa har inda muke, ya ɗaga rigar da sandarsa.

“Sannunku,” in ji shi.

Kawu ya yi ƙoƙarin tashi, ya kasa. “Maigida, mun yi maka ɓarna. Jatau ne sunana, daga Tsaunin Kanya.”

“Tunau,” in ji tsohon. Ya tsuguna. “Na san sunanka. Na sha wuce ƙullinka, mai ƙaya uku. Ba kai ka hau da rana ba.”

Bai dube ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya zaro wuƙa ya shiga kankare ƙarin da ke bayan Kawu da kaifinta, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba a cirewa da yatsa, matsawa ake yi dafin ya ƙara shiga. Ya sa ni na saro sanduna huɗu. Ya ce in danne ƙirjin Kawu. Ya ja ƙafar. A nan ne Kawu ya yi ƙara, sau ɗaya, har tsuntsaye suka tashi. Tsohon ya ɗaure da igiyar ɓawon kuka. Yana ɗauri yana tambaya, wa ke ciwo? Na faɗa masa. Ƙuna ce? Kwana nawa? Akwai wari? Ya gyaɗa kai.

Da rana ta faɗi ya kunna dami ɗaya, ya danne shi da ganye da kashin shanu har ya zama farin hayaƙi mai nauyi, babu harshen wuta ko ɗaya. Ya karɓi bokitina. Ya hau, ya tsallake gurbin turken da ya karye kamar ba komai. Ina jinsa yana magana da su can sama, ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jariri. Bai daɗe ba ya sauko.

Saƙa uku ce a cikin bokitin, rufaffu da farin kaki. Ko rabinsa ba su kai ba.

“Abin da wuta ta bari ke nan,” in ji shi. “Sauran ta narke ta bi cikin itace. 'Ya'yan sun ƙone. Gobe waɗanda suka rage za su tashi, ba za su dawo ba. Shekara tara ina shan kukar nan. Goruna biyu duk bazara, kuma ina bar musu rabi.”

Ya gutsuri gefen saƙa ɗaya ya ɗora a kan dutse saboda tsuntsun. Ya rufe bokitin ya miƙo mini.

“Kada ta ga wuta, kada ta ga ruwa. Ka matse da hannu mai tsabta, ka tace da sabon ƙyalle. Za ta ishi ƙafa ɗaya in an yi tattali.”

Na kasa karɓa. Na ce, “Baba, taka ce.”

“Da ma ta mai ciwo ce. Da kun zauna a inuwar nan kun jira ni, da gora guda zan cika muku, in raka ku har rafi.” Sai a lokacin ya dube ni. “Wa ya ce maka ana hanawa?”

Na karɓa.

A nan muka kwana. Da asuba muka ɗora Kawu a kan jakin, gorunan Tunau suka zauna a gindin kukar babu komai a ciki. Tsohon ya ja akala har bakin gonakin garinmu, ya taya ni sauke shi, ya juya. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Malam Isiya ya ɗaga zumar a cokali, ta zubo kamar zare ba ta tsinke ba. Ya ce, “Wannan ita ce.” Kullum da safe yana wankewa, ya shafa, ya naɗe, ga ƙwayoyin tana sha. Kwana na uku warin ya ragu. Kwana na shida ya kira ni in gani: naman ya yi ja a tsakiya, ƙanana-ƙananan tsiro kamar gero. Bai ƙara maganar birni ba.

Mai ɗori ya zo wa Kawu sau uku. A na ukun ya ce ƙashin tsoho ne, ya kama, amma a karkace. Zai taka da sanda zuwa masallaci. Daji kuwa, ya girgiza kai.

Ranar da Inna ta fara taka ƙasa, bayan wata biyu, ta ce in kai ta gidan yayanta. Ta dafa kafaɗata muka tafi a hankali. Yana zaune a zaure a kan tabarma, ƙafar a miƙe, ya rame. Ta zauna kusa da shi, ta ɗage zane ta nuna masa tabon, fata sabuwa mai sheƙi.

“Yaya, ka ga aikinka.”

“Aikin Allah, Tabawa.”

“Amma ni abin da na kasa ganewa,” in ji ta, “shekara arba'in kana hawan kuka, ko targaɗe ba ka taɓa yi ba. Yaya aka yi?”

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na buɗe baki.

“Tsufa,” in ji Kawu da sauri. “Na taka turke ban gwada shi ba. Yaron nan ne ya ja ni, da ba don shi ba da ƙudan sun gama da ni.”

Inna ta juyo ta dube ni, idonta ya cika. Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, Auta.”

Kawu ya ce amin. Bango yake kallo.

Ni ma na ce amin.